Wake Da Fari: Abin Da Dokta Singh Ya Gano A Cikin Akwatin Katako A Kano

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, babu abin da ke tayar wa manomi hankali kamar ɗaukewar ruwa bayan shuka ta fito. Gaskiya ne mu na kudancin Jihar Jigawa mun fi 'yan'uwanmu na Maigatari da Birniwa samun ruwan sama, amma yawan ruwa a shekara daban, yadda ya rarrabu cikin damina kuma daban. Sau da yawa ruwa kan sauka a watan Yuni, kowa ya fita da irinsa, sa'an nan sama ta yi tsit har mako biyu ko uku. Tsiro ya yi yaushi, ya kwanta, ya bushe. Wanda ke da sauran iri ya sake shuka, wanda ba shi da shi kuwa sai ya nufi kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ya saya da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da kaka. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

A irin wannan lokaci ikilisiyoyinmu kan kira addu'ar roƙon ruwa, haka kuwa ya kamata, gama ruwa a hannun Ubangiji yake. To, amma akwai wata tambaya da duk wanda ya taɓa duba gonarsa da kyau a lokacin fari ya san ta: me ya sa a kunya ɗaya, ƙasa ɗaya, rana ɗaya, wani tsiron ya mutu, wani kuma ya jure har ruwa ya dawo? Akwai mutumin da ya yi shekaru goma sha shida a Kano yana bin diddigin wannan tambaya a kan wake. Sunansa Dokta Bir Bahadur Singh, amma an fi saninsa da B.B. Singh, mutumin ƙasar Indiya ne.

Karatunsa ya soma ne a Pantnagar da ke arewacin Indiya, a jami'ar aikin gona ta farko da ƙasar ta kafa, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Illinois ta Amurka. Singh yana cikin ɗaliban farko, ya kuma sami digirinsa na aikin gona a 1963. Daga nan ya wuce Jami'ar Illinois ɗin kanta, inda ya kammala digirin digirgir a 1967 a fannin gadon halitta da kyautata irin shuka. A can waken suya ya yi nazari a kansa. Har ma ɗaya daga cikin abubuwan da ya bincika shi ne ɗan gashin nan da ke jikin ganye da karan waken suya, da yadda yake kāre shuka daga ƙananan ƙwari masu tsotso. Mai karatu zai iya yin dariya ya ce, ashe har gashin ganye ake yi wa karatun jami'a? To, irin wannan duba na ƙurilla shi ne ya yi mana amfani daga baya. Da ya koma gida ya yi wajen shekara goma a Pantnagar yana fitar da sababbin irin waken suya, kafin a 1979 ya shiga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967. Ya fara yi musu aiki a Tanzaniya, ya dawo Ibadan, sa'an nan a 1990 aka turo shi Kano, inda ya zauna har ya yi ritaya a 2006.

Zuwansa Kano yana da dalili. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita, mafi yawansa kuwa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ake nomawa. Ibadan ƙasar kurmi ce, ruwa ya yi mata yawa, ƙasarta da cututtukanta da ƙwarinta dabam suke da namu. Irin da ya yi kyau a can yana iya zuwa nan ya ba da kunya. Saboda haka aka kawo aikin kusa da masu shi, aka riƙa gwaji a gonar cibiyar da ke Minjibir, tare da haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya.

Kafin mu je ga abin da ya gano, bari mu ɗan duba yadda shuka ke yi idan ƙishi ya kama ta, domin ba zaune take kawai tana jiran mutuwa ba. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta cikinsu ne shuka ke shaƙar iskar da take haɗa abincinta da ita, ta cikinsu ne kuma ruwan jikinta ke fita. Idan ƙasa ta fara bushewa, shuka kan samar da wani sinadari da ke sa waɗannan ƙofofi su rufe, don ruwa ya daina tsiyaya. Amma fa rufewar tana da tsada, gama muddin ƙofa a rufe take, abinci ma ya tsaya, girma ya tsaya. Wake yana da wata dabara kuma: da rana tsaka yakan juya kunnuwan ganyensa su tsaya a tsaye, su ba rana gefe maimakon fuska. Masara da dawa su kuma naɗe ganye suke yi, abin da kowane manomi ya sha gani. Duk waɗannan hikimar Mahalicci ce da ya sa cikin abin da muke takawa muna wucewa.

Matsalar masu bincike ita ce yadda za su gane wane iri ne ya fi jurewa. Cibiyar IITA tana ajiye da irin wake fiye da 15,000 da aka tattaro daga ƙasashe daban-daban. Idan aka ce a gwada su a fili, ruwan sama ba ya bin umarnin kowa. Ana tsakiyar gwajin fari sai hadari ya taso ya ɓata aikin shekara guda. Ga shi kuma wani irin yakan tsira ne don saiwarsa ta yi zurfi ta taɓo danshi, ba don jikinsa na da juriya ba, mai duba daga sama kuwa ba zai iya bambancewa ba.

Dabarar da Dokta Singh da abokan aikinsa, Mai-Kodomi da Terao, suka fito da ita, wadda suka wallafa a 1999, mai sauƙi ce har ta ba mutane mamaki. Akwatin katako ne kawai, irin wanda kowane kafinta a bakin tashar Birnin Kudu zai iya haɗawa: tsawonsa santimita 130, faɗinsa 65, zurfinsa 15. Sai a shimfiɗa leda a ciki, a zuba yashi da ƙasa daidai wa daida, a shuka iri daban-daban layi-layi, kowane iri da layinsa. A yi ta ba su ruwa har ganyen nan mai kunne uku ya fara leƙowa, daga nan a yanke ruwa ƙaf. Tun da akwatin ba shi da zurfi, babu wanda zai tsere da doguwar saiwa, kowa ƙishi ɗaya yake sha. Kullum sai a zo a ƙirga waɗanda suka yi yaushin da ba ya warwarewa. Idan raunana sun mutu duka, sai a dawo da ruwa a ga su wa za su farfaɗo.

A cikin wannan akwati ne aka ga cewa masu jurewa kashi biyu ne. Kashi na farko, da zarar ƙishi ya kama su sai su tsaya cik, su daina girma, su riƙe ɗan ruwan da ke jikinsu, duk jikin yana yin laushi a hankali tare. Kashi na biyu kuwa wani abu dabam suke yi. Sai su janye ruwa daga tsofaffin ganyen ƙasa su tura shi sama wurin toho. Ganyen ƙasa su bushe su zube, amma kan tsiron yana nan kore, yana ɗan motsawa kaɗan-kaɗan, idan ruwa ya dawo kuma sai ya miƙe ya ci gaba. Masu binciken sun ga cewa wannan kashi na biyu ya fi daɗewa da rai. Da suka yi barbarar masu juriya da raunana, suka bi 'ya'ya da jikoki, sai suka tarar halin yana bin gado a sauƙaƙe, wato ana iya ɗauke shi a sa wa wani iri.

To, jama'a masu karatu, ga inda labarin ya shafe mu kai tsaye. Irin da suka nuna wannan hali na biyu ba daga Amurka ko Indiya aka kawo su ba. Kanannado ne da Ɗan Ila, waken gargajiya na ƙasar Kano, waɗanda kakanninmu suka riƙa zaɓa suna ajiyewa a tulu da toka shekara da shekaru. Ba su san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma duk shekarar da aka yi fari, abin da ya tsira shi suka mai da iri, fari na gaba ma haka, har juriyar ta zauna a jinin waken. Abin da mai digirin digirgir ya yi shi ne ya auna, ya tabbatar, ya bayyana yadda abin ke aiki. A ganina wannan ya isa ya sa matasanmu su rage raina irin da tsohuwa ke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki.

Sai dai kada wani ya ce, to, tun da haka ne mu tsaya ga namu na da, mu rabu da na zamani. Kanannado yana da nasa rauni. Shi wake ne mai bin tsawon yini, ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, komai da wuri aka shuka shi. Idan ruwa ya kai Oktoba, madalla, ga ƙwaya fara mai girma, ga harawa jingim. Idan kuwa ruwa ya ɗauke tun tsakiyar Satumba, lokacin da yake shirin fure, sai a tashi da ganye kawai. Juriyar tsiro a farkon damina ba ta hana asara a ƙarshenta. A nan ne ɗaya aikin Dokta Singh ya shigo, wanda ya fara tun yana Ibadan a farkon shekarun 1980, wato wake ɗan kwana sittin. Wannan bai damu da tsawon yini ba, tsaye yake ba ya yaɗo, yana fure da wuri, ya nuna cikin wata biyu ko ɗoriya kaɗan. Shi dabararsa gudu ce, kafin fari ya iso ya riga ya gama. Yana kuma zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a watan Agusta, sa'ad da uwargida ke auna tsaba da tsoro. Amma harawarsa kaɗan ce, mai awaki da tumaki kuwa ya san darajar harawa a watan Maris. Ganin haka ne ya sa a Kano aka mai da hankali ga irin da ke ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya, irin su IT90K-277-2 da IT89KD-288.

Fari ba shi kaɗai ne ke wahalar da wake ba. Akwai wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ta wake dabam take da ta dawa da gero. Gajeruwa ce, mai ɗan fure ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi. Ƙwayar irinta kamar ƙura take, tsiro ɗaya na zubar da dubbai, suna kuma iya kwanciya cikin ƙasa shekaru da yawa. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa. Da sun ji shi sai su fito su manne wa saiwar, su riƙa tsotse ruwa da abinci tun suna ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya gan ta a sama ya tuge, ta riga ta yi ɓarnarta. Ta fi ƙarfi a ƙasa mai yashi wadda ta gaji, ta kuma fi cutarwa a shekarar ƙarancin ruwa, domin shukar da ke fama da ƙishi ga kuma mai sata a gindinta.

Maganin ya fito ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana da ake kira B301. Ƙwayarsa ƙanana ne, babu matar da za ta saye shi don ƙosai ko alala, amma wuta-wuta ba ta iya kama saiwarsa ta rayu. Dokta Singh da Shehun Malami A.M. Emechebe, masanin cututtukan shuka na Samaru, sun nuna a 1990 cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke ba shi wannan kāriya. Daga nan aka shiga aikin haƙuri: a buɗe furen wannan da ɗan hantsaki, a shafa masa garin furen wancan, a jira, a shuka, a zaɓa, a sake, shekara bayan shekara, har kāriyar ta shiga cikin wake mai farar ƙwaya irin wanda kasuwarmu ke so. Ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan aiki shi ne IT97K-499-35, wanda aka saki ga manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10.   Bayansa an saki SAMPEA 14 da SAMPEA 15 a 2011, su ma masu tsayayya da wuta-wuta. Amma a sani, wuta-wutar ma jinsi-jinsi ce. An sami wata a Zakpota ta Jamhuriyar Benin wadda ke kama B301 ɗin kansa. Saboda haka aikin bai ƙare ba, waɗanda suka gaji Dokta Singh a Kano da Samaru sun ci gaba da shi.

Wani abin da ya lura da shi a gonakin Kano, wanda mu ma haka muke yi a Gwaram da Birnin Kudu, shi ne yadda ake tsarma wake jefi-jefi a ƙarƙashin dawa ko gero. Dawa ta yi tsawo ta rufe shi da inuwa, ta shanye ruwan, waken ya zama kamar agola a gona. Shi ya sa ya ba da shawarar kunya biyu ta dawa ko masara, kunya huɗu ta wake, a haka har ƙarshen gona, badi kuma a sauya musu wuri. Waken ya sami rana, feshi ya yi sauƙi tun da wuri ɗaya yake, hatsin da ya biyo baya kuma ya ci moriyar takin da saiwar wake ke bari cikin ƙasa. Na san akwai magidantan da ba za su yarda su rage kunyoyin dawa ba, ba na kuwa ganin laifinsu, gama tuwo shi ne gida. Mai irin wannan tsoro sai ya gwada a gefe ɗaya na gona tukuna.

Nakan ji wasu 'yan'uwa masu bi suna cewa neman irin da ke jure fari alama ce ta ƙarancin bangaskiya, wai wanda ya dogara ga Allah ba ya shirin fari. Wannan magana ba ta da tushe a cikin Littafi Mai Tsarki. Yusufu a Masar mutum ne mai tsoron Allah, amma da aka nuna masa shekarun yunwa, rumbuna ya gina, ya naɗa masu lura, ya auna hatsi. Aikin farko da aka ba ɗan Adam shi ne noma gona da kiyaye ta. Wasu kuma matsalarsu dabam ce: duk abin da aka ce musu na zamani ne sai su saya ido rufe a hannun kowane mai tebur a kasuwa, ko da waken ci ne aka zuba wa jan launi. Iri na gaskiya yana da suna da lamba, yana zuwa da takardar shaida ta hukumar kula da iri ta ƙasa. Mai nema ya tambayi malamin gona na JARDA da ke yankinsa, ya kuma faɗi abin da ke damun gonarsa, wuta-wuta ce, ko gajeruwar damina, ko rashin harawa, domin kowane iri da abin da aka yi shi dominsa. Ya kuma sani sababbin irin nan suna bukatar feshi sau biyu ko uku a lokacin fure da kwanso. Wanda ba zai iya ba, kada ya zuba gonarsa duka a kansu.

Abin da nake roƙon dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata shi ne kada a bar tsohon iri ya ɓace. A lokacin bikin godiyar kaka, kwanuka da buhunan wake iri-iri sukan taru a gaban bagade, daga ƙauyuka daban-daban, sai a sayar a kasuwa a kashe kuɗin. Da za a riƙa ɗebe tiya guda daga kowane irin gargajiya, a rubuta sunansa da ƙauyen da ya fito, a busar da shi sosai, a rufe a jarka ko buhun nan mai ciki uku wanda iska ba ta shiga, da ikilisiya ta sami abin taimakon gwauraye da marasa ƙarfi a ranar da shukar fari ta ƙone. Babu wanda ya san ko a cikin irin da wata tsohuwa ta Basirka ko Sundimina ke riƙe da shi akwai wani hali da masu bincike za su zo nema gobe, kamar yadda aka je har Botswana neman B301.

Ga iyaye kuma, yaron da ya ce aikin gona yake so ya karanta, kada a dube shi kamar wanda ya rasa abin yi. Ga Samaru, ga Jami'ar Bayero da ta buɗe Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a 2012, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse a ƙofar gidanmu tun 2011. Dokta Singh ya tsallako teku ya yi mana shekara goma sha shida a kan wakenmu, alhali 'ya'yanmu da suka tashi da fartanya a hannu sun fi shi sanin ƙasar tun suna ƙanana.

Gwajin akwatin nan ma, ƙungiyar matasa ko manyan 'yan makarantar Lahadi na iya yinsa a harabar majami'a da rani, a watan Maris ko Afrilu, kafin ruwa ya sauka. A tara irin wake biyar ko shida daga gidajen membobi, a haɗa da na zamani ɗaya ko biyu. A tabbatar ƙasar ta kwanta daidai a ko'ina cikin akwatin, don kada wani gefe ya fi wani riƙe danshi. A sa shi inda awaki da kaji ba za su kai ba, inda kuma inuwa ba za ta rufe rabi ta bar rabi ba. A rubuta sunan kowane layi a jikin katakon, mutum ɗaya ya riƙe littafi yana rubuta ƙirgen kowace safiya. Abin da akwatin zai nuna shi ne juriyar tsiro yana ƙarami, wato daidai irin ƙishin nan na watan Yuni. Zurfin saiwa da yawan amfani kuwa, sai an kai irin gona da damina za a gan su.